Yadda Ake Lissafin Giɓin Haidirojin Daga Fomular Sinadari

Idan aka ba ɗalibin kemistiri fomula irin C₈H₉NO₂ aka ce ya zana yadda ƙwayar sinadarin take, yawanci sai ya ɗauki fensir ya shiga jera kabon, ya zana ya goge, ya sake zanawa, har takardar ta yi baƙi bai kai ga amsa ba. Alhali akwai wani ɗan lissafi da bai wuce minti ɗaya ba wanda ya kamata ya riga zanen, domin shi zai faɗa tun farko jimillar zobba da haɗe-haɗe masu ninki da ƙwayar ke ɗauke da su. Lissafin shi ne na giɓin haidirojin, wanda littattafan Turanci ke taƙaitawa da DBE ko IHD, kuma amfaninsa ya tashi daga ajin ƙarshe na sakandare har ɗakin binciken da ake ƙoƙarin gane wani sabon sinadari da aka tatso daga saiwa ko ganye.

A ganina, babbar cutar da ake yi wa ɗalibi a wannan darasi ita ce a miƙa masa ƙa'idar a ce ya haddace, ba tare da an nuna masa inda ta samo asali ba. Wanda ya haddace kawai, ranar da naitirojin da kulorin suka haɗu a fomula ɗaya sai ya tsaya yana tambayar kansa wanne ake tarawa, wanne ake debewa. Wanda kuwa ya fahimci dalili, ko ya manta ƙa'idar zai sake gina ta a gefen takarda. Don haka da tushen za a fara.

Tushen lissafin

Kowane atom yana da adadin hannayen da yake riƙe wasu da su, kuma a sinadaran kabon na yau da kullum adadin ba ya canzawa: kabon hannu 4 gare shi, naitirojin 3, oksijin 2, haidirojin 1. Halojin, wato fulorin da kulorin da buromin da ayodin, su ma hannu ɗai-ɗai gare su kamar haidirojin. Ba a barin hannu a sake. Duk hannun da bai riƙe kabon ko wani atom ba, haidirojin ne ke cike shi.

A ɗauka an jera kabon a layi guda, kowanne ya riƙe na kusa da shi da hannu ɗaya. Kabon da ke tsakiya ya ba na damansa hannu, ya ba na hagunsa hannu, saura biyu na haidirojin. Su kuwa biyun da ke bakin layi, maƙwabci ɗaya kowannensu ke da shi, don haka kowanne yana da rarar hannu ɗaya. Idan yawan kabon n ne, haidirojin zai zama 2n + 2. Haka abin yake a metan, CH₄, da etan, C₂H₆, da furofan, C₃H₈, da butan, C₄H₁₀, kuma waɗannan biyun na ƙarshe su ne ake ɗurawa a tukunyar gas ta girki. Ko da sarƙar ta yi rassa lissafin bai sauya ba, domin butan mai reshe shi ma C₄H₁₀ ne. Wannan 2n + 2 shi ne iyakar haidirojin da kabon n za su iya ɗauka, kuma sinadarin da ya kai wannan iyaka shi ake cewa ya ƙoshi.

Ta hanya biyu ne kawai haidirojin ke kasa kai iyakar. Ta farko ita ce atom biyu su riƙe juna da fiye da hannu ɗaya. A etilin, C₂H₄, kabon biyun sun riƙe juna da hannu bibbiyu, sai haidirojin biyu suka rasa wuri. Wannan haɗi ne mai ninki biyu. A asitilin, C₂H₂, iskar da masu walda ke samu idan suka zuba wa kabaid ruwa, riƙon na hannu uku-uku ne, sai haidirojin huɗu suka rasa wuri. Hanya ta biyu ita ce bakin sarƙar biyu su lanƙwaso su riƙe juna su zama zobe. Hekzan mai miƙaƙƙiyar sarƙa C₆H₁₄ ne, amma idan aka rufe shi ya zama saikulohekzan sai ya koma C₆H₁₂, domin hannaye biyun da aka rufe zoben da su a da haidirojin ke kansu.

Abin lura shi ne a kowace hanya haidirojin bibbiyu ne ke fita. Kowane biyu da suka fita giɓi ɗaya ke nan. Zobe ɗaya giɓi 1 ne, haɗi mai ninki biyu giɓi 1 ne, haɗi mai ninki uku giɓi 2 ne. Duk abin da zai biyo baya ƙirga waɗannan bibbiyun ne.

Mataki na farko: a tabbatar da irin fomular

Kafin a taɓa lissafi sai a tabbata fomular da ke hannu ta cikakkiyar ƙwaya ce, ba wadda aka rage ta koma rabo mafi ƙanƙanta ba. Benzin, C₆H₆, da asitilin, C₂H₂, idan aka rage su duk CH za su koma, alhali giɓin na farko 4 ne, na biyu kuma 2. Wanda ya saka CH a lissafi zai sami 1.5, amsar da ba ta dace da ko ɗayansu ba. Nauyin ƙwayar ne ke raba gardama: 26 na asitilin ne, 78 na benzin. Idan tambaya ta ba da kason kowane sinadari cikin ɗari, dole a nemi nauyin ƙwayar tukuna a kai ga cikakkiyar fomula, sannan a ci gaba.

Mataki na biyu: a duba baƙin atom

A nan ne aka fi tuntuɓe, saboda haka ya cancanci a tsaya a kai. Duk atom ɗin da ba kabon ba ne ba kuma haidirojin ba, tambayar da za a yi a kansa ɗaya ce: shigowarsa ta ƙara wa haidirojin wuri ne, ko ta rage, ko ba ta taɓa komai ba?

Oksijin ba ya taɓa komai. A ɗauki etan, C₂H₆, a cusa oksijin tsakanin kabon da haidirojin ɗaya. Hannu ɗaya ya riƙe kabon, ɗayan ya riƙe haidirojin ɗin da aka ture, sai aka sami etanol, C₂H₆O. Haidirojin yana nan 6 yadda yake. Shi ya sa ba a saka oksijin a lissafin ko da guda goma ne. Wannan ba ya nufin oksijin ba ya shiga haɗi mai ninki; yana shiga, kuma idan ya shiga, raguwar haidirojin ce za ta tona shi. Aseton, C₃H₆O, ya gaza furofan da haidirojin biyu saboda haɗin C=O da ke tsakiyarsa. Farar wuta idan tana da hannu biyu, hukuncinta ɗaya da oksijin.

Halojin kuwa kujerar haidirojin yake zama. Kulorofom, CHCl₃, metan ne da kulorin uku suka maye gurbin haidirojin uku. Idan aka ƙirga su tare, 1 da 3 sun koma 4, babu giɓi. Don haka kowane halojin ana tara shi da haidirojin.

Naitirojin shi ne ke zuwa da ƙari. Hannunsa uku ne: idan aka cusa shi tsakanin kabon da haidirojin, biyu sun tafi, na ukun kuma yana neman sabon haidirojin. Metan CH₄ ne, metilamin kuma CH₅N. Ke nan kowane naitirojin yana ɗaga iyakar haidirojin da ɗaya, kuma shi ya sa ake tara shi a ɓangaren iyaka.

Mataki na uku: a yi lissafin

Idan aka haɗa waɗannan dalilai, ƙa'idar ta fito da kanta:

Giɓi = (2C + 2 + N − H − X) ÷ 2

C yawan kabon ne, N yawan naitirojin, H yawan haidirojin, X kuma yawan halojin. Kashi na farko, 2C + 2 + N, shi ne haidirojin da ƙwayar za ta ɗauka da a ce ta ƙoshi. Kashi na biyu, H da X, shi ne abin da ke nan a zahiri. Bambancinsu shi ne abin da ya ɓace, kuma ana raba shi biyu domin bibbiyu suke ɓacewa.

Shawarata ga mai koyo ita ce ya rubuta lissafin a layi uku maimakon ya cusa komai a layi ɗaya: layin iyaka, layin abin da ke nan, layin bambanci. Yawancin kurakuran jarrabawa na alamar tarawa da debewa ne, kuma rarraba layukan yana kashe su.

Mataki na huɗu: a auna amsar

Ga ƙwayar da ba ta ɗauke da cajin lantarki, amsar dole ta zama sifiri ko cikakkiyar lamba. Idan rabi ya fito, ko amsar ta faɗa ƙasa da sifiri, a koma baya a duba. Akwai wata hanya mai sauri ta ganewa tun kafin a yi lissafi: idan babu naitirojin, ko yawansa yana rabuwa biyu daidai, to jimillar haidirojin da halojin ita ma dole ta rabu biyu daidai, idan kuwa naitirojin 1 ne ko 3 ko 5, jimillar ba za ta rabu daidai ba. Fomula irin C₅H₁₁O, da gani an san ko dai an yi kuskuren rubutu, ko kuma ɓangaren ƙwaya ne, ba cikakkiya ba.

Mataki na biyar: a fassara lambar

Sifiri yana nufin babu zobe, babu ninki. Lamba 1 tana nufin zobe ɗaya, ko C=C, ko C=O, ko C=N. Lamba 2 tana iya zama ninki uku guda ɗaya, ko ninki biyu guda biyu, ko zobba biyu, ko zobe da ninki. Lambar da ta fi jan hankali ita ce 4, domin zoben benzin shi kaɗai yana cin giɓi 4, wato ɗaya na zoben, uku na ninkin da ake zanawa a cikinsa. Duk lokacin da giɓi ya kai 4 ko ya wuce, kuma kabon ya kai 6, zoben benzin shi ne abin da za a fara zato. Zato ne dai, ba hukunci ba, kuma za a ga dalili a gaba.

Misalai

A koma ga fomular da aka buɗe da ita, amma a fara daga nesa, kamar yadda tambayar jarrabawa ke zuwa. Wani farin gari ya ƙunshi kabon kashi 63.6 cikin ɗari, haidirojin 6.0, naitirojin 9.3, oksijin 21.2, kuma nauyin ƙwayarsa 151. A raba kowane kaso da nauyin atom ɗinsa: 63.6 ÷ 12 ya ba da 5.30, 6.0 ÷ 1 ya ba da 6.0, 9.3 ÷ 14 ya ba da 0.66, 21.2 ÷ 16 ya ba da 1.33. A raba duka da mafi ƙanƙanta, sai a sami kusan 8, 9, 1 da 2, wato C₈H₉NO₂. Nauyinta 96 + 9 + 14 + 32, wato 151, don haka ita ce cikakkiyar fomular. Iyaka: 16 + 2 + 1 = 19. Abin da ke nan: 9. Bambanci 10, giɓi 5. Kabon 8 da giɓi 5 suna nuni ga zoben benzin da ƙarin giɓi ɗaya, kuma da yake akwai oksijin, C=O shi ne na kusa. Haka farasitamol yake: zoben benzin ɗauke da OH a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma naitirojin da ke riƙe da C=O da CH₃.

Kafeyin, sinadarin da ke hana mai cin goro barci, fomularsa C₈H₁₀N₄O₂. Iyaka: 16 + 2 + 4 = 22. A debe 10, saura 12, giɓi 6. Wanda ya manta naitirojin huɗun nan zai sami 4, wanda ya debe su maimakon ya tara zai sami 2, kuma dukansu ba za su iya zana ƙwayar ba. A zanen gaskiya akwai zobba biyu manne da juna, ɗaya mai kusurwa shida ɗaya mai biyar, da C=O guda biyu, da C=C ɗaya, da C=N ɗaya. Jimilla 6, kuma babu zoben benzin a ciki ko kaɗan.

Kulorokwin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro, ya haɗa naitirojin da halojin wuri ɗaya: C₁₈H₂₆ClN₃. Iyaka: 36 + 2 + 3 = 41. Abin da ke nan: 26 + 1 = 27. Bambanci 14, giɓi 7. Duka bakwai ɗin suna gefe ɗaya na ƙwayar ne, inda zobba biyu suka haɗu da ninki biyar. Doguwar jelar da ke biye ta ƙoshi sarai.

Mayukan girki suna koyar da darasi na daban. Asid ɗin sitiyarik, wanda ke da yawa a man kaɗanya, C₁₈H₃₆O₂ ne, giɓinsa 1. Asid ɗin oleyik, wanda ke da yawa a man gyaɗa, C₁₈H₃₄O₂ ne, giɓinsa 2. Linoleyik kuma C₁₈H₃₂O₂, giɓinsa 3. A nan ɗalibi kan yi mamaki, domin littafin abinci yana kiran sitiyarik ƙosasshen kitse, ga shi kuma lissafi ya ba da 1. Babu saɓani. Masu maganar abinci haɗin C=C kaɗai suke ƙirgawa, lissafin giɓi kuwa yana ƙirga har da C=O da ke kan kowane asid. A cire wannan ɗayan, sai a ga sitiyarik ba shi da C=C, oleyik yana da ɗaya, linoleyik biyu. Tasirin bambancin ana ganinsa da ido: sitiyarik sai zafi ya kai wajen digiri 69 yake narkewa, oleyik wajen 13, linoleyik kuwa ƙasa da sifiri, domin kowane C=C yana lanƙwasa sarƙar ya hana ƙwayoyin kwanciya su matse. Wannan na daga cikin dalilan da man kaɗanya ke daskarewa a kwano alhali man gyaɗa yana nan ruwa a kwalba.

Sinadarai masu launi su ke da babban giɓi. Shuɗin baba da ake rini da shi a marinar Ƙofar Mata a Kano fomularsa C₁₆H₁₀N₂O₂: iyaka 36, a debe 10, giɓi 13. Zobban benzin biyu sun ci 8, ƙananan zobba biyu masu kusurwa biyar sun ci 2, C=O biyu sun ci 2, sai C=C ɗaya da ya haɗa ɓangarorin biyu. Sinadarin da ke ba lalle jansa, C₁₀H₆O₃, giɓinsa 8 a kan kabon 10 kacal. Idan ninki ya jeru yana tsallake haɗi ɗai-ɗai a doguwar hanya, ƙwayar tana shanye wani ɓangare na hasken da ido ke gani, sai launi ya bayyana.

Abin da lambar ba za ta faɗa ba

Giɓi jimilla ce, ba ya rarrabe zobe da ninki, kuma ba ya nuna inda suke. C₃H₆O mai giɓi 1 yana iya zama aseton, ko furofanal, ko barasa mai C=C, ko ƙaramin zobe da oksijin a cikinsa. Gulukos, C₆H₁₂O₆, giɓinsa 1, kuma shi kansa yana da sura biyu: buɗaɗɗiyar sarƙa mai C=O, da rufaffen zobe marar ninki, wanda shi ne ya fi rinjaye nesa ba kusa ba idan aka narka shi a ruwa. Lissafin ya gamsu da dukansu biyun.

Tarihin benzin ya nuna girman wannan gazawa ta lissafin. Michael Faraday ya ware shi a Landan a 1825, amma sai a 1865 August Kekulé ya kawo shawarar zobe mai kusurwa shida. Ba ita kaɗai ce surar da ta dace da C₆H₆ ba: a 1869 Albert Ladenburg ya kawo wata mai zobba huɗu babu ninki ko ɗaya, wadda ita ma giɓinta 4. An ƙera wannan ƙwayar tasa a ɗakin bincike a 1973, kuma ta tabbata wani sinadari ne daban, ba benzin ba. Fomula ɗaya, giɓi ɗaya, abubuwa biyu.

Saboda haka bayan lissafi sai gwaji. Saikulohekzan da hekzin duk C₆H₁₂ ne, duk giɓinsu 1. A ɗiga musu ruwan buromin mai launin ruwan goro a girgiza: a kwalbar hekzin launin zai ɓace nan take domin buromin ya hau kan C=C, a ta saikulohekzan kuwa launin zai tsaya. A kula, benzin ba ya kashe launin duk da giɓinsa 4, domin ninkin zobensa ba irin na hekzin ba ne.

Hanyar da ta fi ba da cikakkiyar amsa ita ce a ciyar da sinadarin iskar haidirojin a gaban ƙarfen falatinam ko nikel, a auna nawa ya sha. Idan mutum ya matse ɓawon lemo ya ga ɗan feshin mai ya tashi, mafi yawan man nan limonin ne, C₁₀H₁₆. Iyaka 22, a debe 16, giɓi 3. Idan aka ba shi haidirojin, ƙwayoyin H₂ biyu yake sha ya koma C₁₀H₂₀, daga nan ya tsaya. Sabuwar fomular giɓinta 1, kuma wannan ɗayan da ya ƙi cikewa zobe ne. An gane ke nan limonin yana da C=C biyu da zobe ɗaya, tun ba a zana komai ba. A ɗakunan bincike na yau na'urori ne ke yin wannan aiki: wata na'ura da ake kira IR tana nuna ko akwai C=O, wata kuma da ake kira NMR tana nuna haidirojin na zoben benzin. Duk da haka mai bincike yakan fara da giɓin, domin shi ke gaya masa abubuwa nawa zai nema a cikin zane-zanen da na'urorin ke fitarwa, da lokacin da ya gama nema.

Wuraren da ƙa'idar ke buƙatar kulawa

Ƙirga zobba a zane ba kullum yake da sauƙi ba. Kuban, C₈H₈, wanda Philip Eaton da Thomas Cole suka ƙera a Jami'ar Shikago a 1964, sura ce mai fuska shida da kabon a kowace kusurwa, amma giɓinsa 5 ne, ba 6 ba. Yadda ake ƙirga zobba shi ne a tambayi haɗi nawa za a yanke kafin ƙwayar ta zama buɗaɗɗiya gaba ɗaya ba tare da ta rabu biyu ba. Kuban yana da haɗin kabon da kabon 12, atom 8 kuma haɗi 7 ya ishe su zama sarƙa ɗaya, don haka yanka 5 ake bukata.

Gishirin magunguna ma yana ruɗarwa. Metilamin da aka haɗa da HCl fomularsa CH₆ClN, kuma lissafi zai ba da 5 a debe 7, wato ƙasa da sifiri. Dalili shi ne naitirojin a nan ya riƙe abu huɗu. Mafita ita ce a cire asid ɗin tukuna a yi lissafi da ainihin ƙwayar. Haka za a yi da kulorokwin na ƙwayar magani, wanda yawanci gishirin fosfet ne. Ƙwayoyi masu caji su ke ba da rabi: kafeyin da ya karɓi ƙarin haidirojin a na'urar auna nauyin ƙwayoyi, C₈H₁₁N₄O₂⁺ mai nauyi 195, giɓinsa 5.5, kuma masu aiki da na'urar suna amfani da rabin nan su gane irin ƙwayar da ke gabansu.

Farar wuta da fosfaras suna iya buɗe hannaye fiye da na ƙa'ida. Sinadarin DMSO, C₂H₆OS, ana zana shi da S=O, amma lissafi sifiri yake bayarwa, domin ya ɗauka farar wuta hannu biyu gare ta. Ke nan S=O da P=O ba sa fitowa a lambar. Rukunin NO₂ kuwa yana fitowa da giɓi 1, shi ya sa naitirobenzin, C₆H₅NO₂, ke da 5. Idan wani baƙon atom ya shigo, a debe 2 daga yawan hannayensa, abin da ya rage shi ne gudummawarsa a saman ƙa'idar: kabon da silikon 2, naitirojin da fosfaras mai hannu uku 1, oksijin sifiri, haidirojin da halojin kuwa ɗaya ƙasa da sifiri.

Juya lissafin

Ƙa'idar tana aiki ta baya ma, kuma a nan take ceton lokaci. Idan aka ba mutum zanen kolestarol aka ce ya faɗi fomularsa, ƙirga haidirojin ɗaya bayan ɗaya hanya ce ta kuskure. Ya ƙirga kabon, 27. Ya ƙirga zobba, 4, da C=C ɗaya, giɓi 5 ke nan. Iyaka 56, a debe 10, haidirojin 46, fomula C₂₇H₄₆O. Haka kuma duk wanda ya gama zana amsarsa a jarrabawa ya kamata ya ƙirga zobba da ninkin da ya zana ya gwada da lambar da ya samu tun farko. Idan ba su yi daidai ba, akwai kabon da aka ba hannu biyar ko aka bar shi da uku.

Ga huɗu na gwaji, a rufe amsoshin a fara yi: asfirin, C₉H₈O₄, nikotin na taba, C₁₀H₁₄N₂, maganin ƙwari DDT, C₁₄H₉Cl₅, da atemisinin, C₁₅H₂₂O₅, tushen magungunan zazzaɓin cizon sauro na yanzu, wanda aikin gano shi ya sa Tu Youyou ta ƙasar Sin ta sami kyautar Nobel a 2015.

Asfirin 6 ne, zoben benzin da C=O biyu. Nikotin 5 ne, zobe mai kusurwa shida da naitirojin a ciki ya ci 4, ƙosasshen zobe mai kusurwa biyar ya ci 1. DDT 8 ne, wato 30 a debe 14 a raba biyu, zobban benzin biyu cif. Atemisinin 5 ne, daidai da farasitamol, amma wanda ya yi gaggawar zana masa zoben benzin ya kauce. Kabon 15 da haidirojin har 22 sun isa su sa a yi shakka, domin giɓi 5 a kan kabon 15 kaɗan ne idan aka gwada da 5 a kan kabon 8. Zobba huɗu ne da C=O ɗaya, kuma a cikin zobban akwai gadar oksijin biyu da suka riƙe juna, O–O, wadda ita ce ke kashe ƙwayar cutar, ita kuma ba ta cin giɓin ninki domin haɗi ne na hannu ɗai-ɗai.